Zembla, Superman da Sarauniyar Lugu

Littafin ba shi da bango. Shafuka huɗu na farko sun ɓata tun kafin ya iso hannunmu, na ƙarshen kuma wani ya yage ya ƙunshe ƙuli-ƙuli, don haka har yau ban san yadda labarin ya ƙare ba. Girmansa bai fi tafin hannun babban mutum ba, takardar ta yi ja, kusurwoyin duk sun nannaɗe saboda yatsun da ake lasa ana buɗe shi. Amma da an tashi lakwal da rana, mu shida ko bakwai za mu haɗa kawuna a kansa a inuwar bedi, nesa da idon mushe. Wanda ya fi mu Faransanci shi ke karantawa yana juya mana da Hausa, yana ƙara gishiri duk inda ya ji labarin ya yi lami. In ya daɗe bai buɗe shafi ba sai ka ji, "Kai, wuce mana, mun gani!" Dala biyu ake ba mai tebur a bakin tashar Dogondutsi ya ba da aron littafi na kwana ɗaya, ita ma da karo-karo muke haɗa ta.

Sunan jarumin Zembla. Ƙaton Bature ne mai dogon gashi, ba ya sa komai sai ƴar fatar damisa, zaki ne ya rene shi a dajin Afirka, kuma kowace dabba tana jin maganarsa. Cikin abokan tafiyarsa akwai Rasmus, mai dabon da asirinsa kullum a kansa yake ƙarewa, da Yeye, yaro baƙar fata mai yawo da ƙaton agogo a wuya, da wata dabba mai aljihu a ciki wadda sai daga baya na gane ko kusa ba ƴar Afirka ba ce, daga Ostareliya take. Ba mu damu ba. Mu da ke zaune a gindin dutsen da garinmu ya ci sunansa, a tsakiyar Afirka ta gaskiya, mun yarda akwai wata Afirkar can gaba, mai kurmi da kada da Bature a kan reshe.

Wata rana na shigo da shi gida a ɓoye cikin kaye, kakata ta kama ni. Ta ajiye mazarinta, ta karɓi littafin ta juya shi sama da ƙasa, ta tsura wa Zembla ido.

"Maigidana, wannan mai yawo tsirara fa, ɗan wane ne?"

Na ce mata jarumi ne, shi kaɗai yana kada mutum ɗari. Ta miƙo mini abina.

"To, ya je Lugu ya gwada."

Ta koma kan kaɗinta. Ban tanka ba, don a lokacin Lugu a wurina sunan wani ƙauyen Azna ne da ba a cika ambata a gidan masu salla ba.

Inda aka ƙera su

Zembla haifaffen birnin Lyon ne. Kamfanin Lug na Marcel Navarro ya fito da shi a 1963, da zanen wani ɗan Italiya, Augusto Pedrazza, don ya yi gogayya da Akim, wanda shi ma Pedrazza ɗin ne ya zana tun 1950 tare da marubuci Roberto Renzi. Su biyun jikokin Tarzan ne, wanda Edgar Rice Burroughs ya ƙago a 1912 bai taɓa taka Afirka ba. Tare da su ake kawo Tex Willer ɗan kaboyi da Blek le Roc, ƙaton maharbin da ke jibgar sojojin Ingila masu jajayen riguna a Amurka. Mawallafan Faransa ba su ga laifin sayar mana da jarumi mai yaƙar mulkin mallaka ba, muddin dai na Ingilishi ne. Sai Kouakou, mujallar da aka fara a 1966 ana rabawa a makarantun ƙasashen da Faransa ta raina. Jaruminta yaro ne baƙar fata, amma a Faransa ake zana shi. Duk waɗannan su ne ƴan boko ke kira bede, wato labarin da aka jera cikin ƴan akwatunan zane, magana na fitowa daga bakin mutum cikin wani ƙullin iska.

Su kuwa jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, a Amurka aka yanke musu cibiya, a shekarun 1930, lokacin da talauci ya kwantar da ƙasar. Wasu samari biyu a birnin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, ƴaƴan Yahudawa baƙin haure, su suka ƙago Superman. Ya fara fitowa a mujallar Action Comics ta farko, mai ɗauke da watan Yuni 1938, ya ɗaga mota sama da kansa kamar mai ɗaukar dami. Bayan shekara ɗaya Batman ya biyo, a 1941 Wonder Woman.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, kafin mai ƙarfi ya fito, mai asiri ya riga shi. Tun 1934 Lee Falk ya fito da Mandrake, mai rufa-ido da ke sa ɓarawo ya ga bindigarsa ta zama maciji, kuma mai riƙe masa jaka wani basaraken Afirka ne, Lothar, da aka zana da fatar damisa da jar dara, ƙarfi cike da jiki, magana kaɗan. Siegel da Shuster da kansu sun fara da Doctor Occult a 1935, mai binciken al'amuran fatalwa da masu shan jini, shekara uku kafin Superman. A 1940 Siegel ya dawo kan wannan hanya da Spectre, ɗan sandan da aka kashe ya dawo fatalwa yana ɗaukar fansa. A 1963 Steve Ditko ya zana Doctor Strange, likitan tiyata mai girman kai da hannuwansa suka lalace a haɗarin mota, ya tafi duwatsun Himalaya neman magani wurin wani tsoho, ya dawo boka. Duk wanda ya san yadda ake zama ɗan bori a Arewa zai gane wannan labarin: ciwo ne ke kai mutum, in asibiti ta gaza a kai shi girka, ya warke ya fito da dokokin da zai bi har mutuwa.

Kuma a nan ne yaron Dogondutsi ya fi yaron Cleveland saurin fahimta. Babu wani iko a cikin littattafan nan da Hausa ba ta riga ta raɗa masa suna ba. Harsashi ya bugi ƙirjin Superman ya faɗi ƙasa, mu mun ga ƴan tauri suna gurza wuƙa a ciki ranar salla. Wani ya ɓace a tsakiyar maƙiya, wannan layar zana ce ko baduhu. An ɗaga hannu za a sare shi hannun ya sandare, sagau ke nan. An auna shi an harba an kuskure, kau-da-bara. Mai juya mana labari ma da waɗannan kalmomin yake fassara. Hatta laƙabin Superman na mutumin ƙarfe bai zo mana baƙo ba, tunda mutanen Tibiri suna da Samna Ƙarhe, mayaƙinsu na ƙarni na 19. Bambancin kawai, na Amurka daga wata duniyar ya faɗo ko gizo-gizo ya cije shi a ɗakin gwaji, namu kuwa ya sha ne, ya yi wanka, ya ɗaura, ko ya gada.

Asirin nan shi ya fara jawo wa sana'ar bala'i. Bayan yaƙin duniya na biyu littattafan ban tsoro suka cika kasuwa, musamman na kamfanin EC na William Gaines. Iyaye da limaman coci suka tayar da jijiyar wuya, har aka riƙa tara littattafan ana cinna musu wuta a harabar wasu makarantu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana cewa su ke lalata yara, majalisar dattawa ta zauna a kan maganar, mawallafa suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Ta hana zana masu shan jini, da gawa mai tafiya, da mutum mai rikiɗa ya zama kerkeci, kuma ba a sassauta ba sai 1971. Faransa ta riga su da dokar 16 ga Yuli 1949 kan littattafan yara. Da Lug ya gwada kawo jaruman Marvel a mujallar Fantask a 1969, fitowa bakwai kawai ta yi hukumar tacewa ta Faransa ta sa aka rufe ta. Strange da ta biyo a 1970 ta rayu ne da goge-goge: a rage wa dodo haƙora, a share alamar naushi. Wanda ya tuna yadda aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007 zai ga tsoron iri ɗaya ne, tufafin ne suka bambanta.

A watan Yuli 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage da Turawa ba su taɓa ci ba, mai samun ƙarfi daga wani ganye da kuma abar bautar kakanninsa mai siffar baƙar damisa. Fim ɗinsa na 2018 ya tara sama da dala biliyan ɗaya ta Amurka. Da na kalle shi, maganar kakata ce ta faɗo mini. Mai sarauta, mai asiri, mai alamar damisa, da ta ƙi miƙa wuya ga Nasara: ai wannan a gundumar Dankasari take, arewa maso gabas da Dogondutsi.

16 ga Afrilu 1899

A farkon 1899 rundunar kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Faransawan cikinta ƴan kaɗan ne, sauran ɗaruruwan sojoji ne baƙar fata da ƴan dako da matan da aka kama a hanya. Abincin wannan taro daga rumbunan mutane yake fitowa, ruwansa daga rijiyoyinsu, garin da ya yi gardama kuwa wuta. Tun a Sansane Hausa, a watan Janairu, suka yanka mutane fiye da ɗari. Da suka shigo Dallol Mawri labarinsu ya riga su, garuruwa da yawa suka ga ba sarki sai Allah, suka kauce ko suka ba da abin da aka nema.

Lugu ta ƙi. Garin shi ne cibiyar Gubawa, waɗanda suka fara zama a ƙasar tun kafin zuriyar Ari ɗan sarkin Borno ta kafa sarautar Arewa, kuma mace ce ke riƙe da shi, Sarauniya, wadda ta lokacin ake kira Mangu. Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza. Maharba da kibau masu dafi suka shige sarƙaƙiya, inda bindiga ba ta ganin wanda za ta harba. Faransawa sun rubuta cewa an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona harsashi dubbai, kuma babu inda suka sha wuya irin nan tun tasowarsu. Sun ci garin sun ƙone shi. Sarauniya dai ba su kama ta ba.

Abin da ya biyo baya ko marubucin bede zai ji nauyin ƙaga shi. Ranar 8 ga Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ta'asarsu ya kai Faris ta wasiƙar wani laftana da suka kora, gwamnati ta turo kanar Klobb ya karɓe ragama. Ya biyo sawunsu ta cikin toka da gawarwaki, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa. Ya tara sojoji ya shaida musu shi ya bar zama Bafaranshe, daular kansa zai kafa. Ba a yi kwana uku ba sojojin nasa suka juya musu baki: Chanoine ya faɗi ranar 16, Voulet ranar 17, a Maijirgi, inda kaburburansu suke har yanzu. Wata uku ke nan cif bayan Lugu. Masana tarihi suna da bayaninsu, na gajiya da tsoro da haukar mulki. Tsofaffin Arewa su ma suna da nasu, kuma ba shi da tsawo: sun taɓa abin da ba a taɓawa.

A takardun Faransa ƴan layuka kawai aka ba ta. Laftana Joalland, wanda daga baya ya ja ragowar rundunar zuwa tafkin Cadi, ya ambace ta a littafinsa na 1930 a matsayin wata tsohuwa mai tsafi da ta aiko musu da saƙon raini. Shekara tamanin labarin yana zaune a Arewa, a bakin tsofaffi da makaɗa, bai ƙetare ba.

Wanda ya ɗinka mata rigar yaƙi

Abdoulaye Mamani ba Ba'are ba ne. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya tashi a Damagaram, ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira, ya dawo gida ya sha kurkuku a zamanin Kunce. A 1980 kamfanin L'Harmattan ya buga masa ƙagaggen labari mai suna Sarraounia. Ni a ganina abin da Mamani ya yi shi ne ainihin aikin da Siegel da Kirby suka yi, sai dai da alƙalamin rubutu. Ya ɗauki ƴan layukan Faransawa da abin da ya ji a baki, ya gina jaruma daga tushe. Ya ba ta labarin asali: marainiya ce, wani aminin mahaifinta mai suna Dawa ya rene ta, ya koya mata baka da kibiya da sirrin itatuwa. Ya ba ta ƙuruciya da kyau, ya ba ta dabbar alama, damisa. Ya ba ta masoyi jarumi, da maroƙi mai yi mata kirari, da mugu na ƙin ƙarawa wanda tarihi ya riga ya tanada. Superman ma maraya ne da baƙi suka rena, Batman maraya ne, Zembla maraya ne. Masu wannan sana'a duk sun san jarumi mai uwa da uba a raye yana da wanda zai hana shi fita da dare.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. An so ɗauka a Nijar, aka sami saɓani da hukuma, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Ƴar Burkina, Aï Keïta, ita ta fito a Sarauniya, doguwa, da makami a hannu, tana jawabi gaban mayaƙa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. (Med Hondo ɗin nan, da muryarsa Eddie Murphy ya riƙa magana a fina-finan da aka juya da Faransanci, da irin wannan aikin ya riƙa tara kuɗin yin nasa.) Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, a hanyarsa ta zuwa Yamai karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama.

Daga nan Sarauniya ta fita daga hannun Arewa ta zama ta kowa. Ta shiga littattafan makaranta. A 2004 Halima Hamdane ta rubuta labarinta don yara, da zanen Isabelle Calin. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. Duk ɗan Nijar da ka ce ya kwatanta maka ita, mayaƙiyar Mamani da Hondo zai kwatanta.

To amma je ka Lugu. Sarautar tana nan, ba ta yanke ba. Sarauniya tsohuwa ce cikin farin zane, a ɗakin da ba ta cika fita ba. Ba ta riƙe takobi, ba ta hawa doki. Aikin hannunta kaɗi ne: auduga a hagu, mazari a dama, ta shafa alli a yatsa ta murza, zaren yana sauka yana naɗuwa, baƙo yana durƙushe a bakin ƙofa yana faɗin abin da ya kawo shi. Ikonta na tsakanin mutane da ƙasa ne, da iskokin da ke cikinta, waɗanda Arawa ke kira Doguwa: ruwan sama, annoba, lafiyar gari. Takwaranta namiji a wannan aiki shi ne Baura na Bagaji. Ba a neman sarautar, ba a kamfe. In Sarauniya ta rasu sai a yi tarkama, a ɗauki gawar, ita ce za ta ja masu ɗauke da ita har gaban matar da za ta gaje ta. A bayan gari kuma akwai Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara ya raba gardama, wanda labarin kaka da kakanni ya ce da shi aka taso daga Daura. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna tazarar da ke tsakanin wannan mata da ta cikin fim, haka ma littafin Lougou et Saraouniya da Boubé Namaïwa da abokan aikinsa suka fitar a 2007, wanda ya saurari mutanen garin da kansu. A bakinsu, maza ne suka ja baka ranar yaƙin. Nata yaƙin ba da hannu ta yi shi ba.

Wato dai in da za a raba ta gida biyu irin na bede, ƴar gidan Doctor Strange ce aka sa mata kayan Wonder Woman. Ban ga laifin Mamani ba. Mutum ne da ya fito daga kurkuku yana neman wanda zai nuna wa matasa a ce ga wadda ta ce a'a, kuma tsohuwa mai kaɗi a ɗaki ba ta cika allon silima. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, mayaƙiya ta fi matsafiya sauƙin rungumar. Adeline Masquelier, wadda ta zauna da ƴan borin Dogondutsi, ta sa wa littafinta na 2001 suna da kukan da ta ji a bakinsu, cewa salla ta ɓata komai. Mu ma mun yi wa Sarauniya irin tacewar 1954: mun bar kibiya, mun goge Doguwa.

Dala 130

Siegel da Shuster sun sayar da Superman ɗungurungum a kan dala 130 ta Amurka. Kamfani ya yi ta kwasar miliyoyi, su kuwa da suka kai ƙara a 1947 aka kore su, aka cire sunansu daga littafin. Shuster ya tsufa idonsa na mutuwa, yana ƴan ƙananan ayyuka a New York. Sai a 1975, da ake shirin babban fim kuma ƴan jarida suka sa baki, aka yanka musu dala 20,000 a shekara aka mai da sunansu. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na waccan mujalla ta 1938 a kan dala miliyan 6. Bill Finger, wanda ya ƙago mafi yawan abin da aka san Batman da shi, ya mutu a 1974 ba shi da komai, sunan Bob Kane kaɗai ke jikin littafin, kuma sai 2015 aka fara rubuta nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk sanda na karanta wannan sai Lugu ta faɗo mini. Garin da ya haifi jarumar ƙasa bai sake komawa yadda yake kafin 1899 ba. Ƙaramin ƙauye ne a ƙarshen hanyar rairayi, matasansa suna tafiya cin rani, kuma abubuwan more rayuwa da ya samu a shekarun nan da yawansu da taimakon ƙungiyoyi irin su Tarbiyya Tatali aka yi su. Sunan yana Yamai a jikin lambar girma, masu sunan suna nan suna jiran damina. Ko dala 130 ɗin ba wanda ya ba su, don ba wanda ya ga akwai abin saye.

Kuma ba a rasa masu zane ba a wannan yanki na duniya. Moustapha Alassane, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa ya rasu a 2015, tun 1966 ya yi Bon voyage Sim, fim ɗin zane na kwaɗi masu shugaban ƙasa, kuma a shekarar ya yi fim kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka addabi garinsu, wato mu ke nan da Tex Willer ɗinmu. A Najeriya an yi Powerman a 1975, baƙin jarumi mai tashi sama, sai dai Turawan Ingila ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland.  Yanzu ƴan ƙasa sun karɓa: Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, Roye Okupe ya fitar da Malika, wadda ya ɗauko daga Amina ta Zazzau. A rubuce kuwa Hausa ta riga Superman: Gandoki na Bello Kagara ya fito a 1934, ya yaƙi Turawa, da aka ci su ya wuce ƙasar aljannu ya ci gaba da yaƙi a can. Ƙarfi da asiri a littafi ɗaya, shekara huɗu kafin Action Comics.

Matsalar mai zanen da zai tunkari Lugu ba ta alƙalami ba ce. Yaya ake zana Doguwa, wadda masu ita ba su taɓa sassaƙa mata gunki ba? In ka ba ta ƙaho da jajayen idanu ka koma beden Tintin a Kwango, inda boka ko maƙaryaci ne ko abin dariya. In ka cire ta, ka sake yin fim ɗin 1986. Sannan wa za ka tambaya izini, tunda wannan jarumar ba ta kamfani ba ce, tana da magajiya a raye da ke iya cewa a'a? Ditko ya sami hanyarsa: da ya zo zana duniyar asiri bai zana dodanni kawai ba, ya zana sarari marar sama da ƙasa, hanyoyi na lanƙwasa a cikin iska, har mai karatu ya ji jiri. Wanda ya taɓa tsayawa a Dallol da tsakar rana a watan Afrilu, ƙasa na rawa don zafi, sarƙaƙiya ta yi tsit, ya san akwai abin zanawa a nan da ba sai an aro daga kowa ba.

Teburin bakin tasha ya daɗe da tashi. A wurin yanzu masu tura fina-finai a waya ne, kuma jaruman Marvel suna magana da Hausar Kano, mai fassara yana ƙara gishiri daidai yadda namu yake yi a inuwar bedi. Hutun da ya wuce na iske ɗan ƙanwata kwance a tabarma yana zane a bayan kayensa na lissafi. Mace ce a kan doki, da takobi a sama, damisa na gudu a gefenta, Nasara uku sun zube. Hannunsa ya faɗa, har ƙurar kofato ya fitar. Na tambaye shi wace ce, ya dube ni kamar na tambayi sunan garinmu.

"Sarauniya mana, kawu."

Na ce to ina mazarinta.

"Kawu, da mazari ake yaƙi?"

Na ce ya tambayi kakarsa. Ya tashi da kayen a hannu, ya nufi ɗakinta.